FENSHO DA KATIN ASIBITI: ABIN DA YA KAMATA GIDAN TSOHON MALAMI YA SANI

Ya kai mai karatu, wannan takarda an rubuta ta ne domin malaman makaranta da iyalansu, musamman na ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. In kai malami ne da ya kusa ajiye alli, to, da kai a ke. In kuwa mahaifinka ne malamin, ko mijinki, ko mahaifiyarku, sai ku karanta masa a hankali da dare, bayan an ci tuwo, kowa ya ji.

Abin da mu ke so ka gane guda ɗaya ne. Ran da albashi ya tsaya, abu biyu ne za su riƙe gidanka, watau fensho da hanyar samun magani. Duka biyun hakkinka ne. Amma ba su zuwa su iske mutum a zaure. Da takarda a ke neman su, kuma tun da wuri, domin ba a fafe gora ran tafiya.

1. YAUSHE MALAMI KE BARIN AIKI?

Ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce, ma'aikacin Gwamnati ya kan yi ritaya in ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Dubi malaman da aka ɗauka da yawa a 1976, sa'ad da aka soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Shekararsu 35 ta cika a 2011. Wanda ya kama aiki a 1990 kuwa, tasa ta cika a 2025.

A cikin 2022 Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a wata doka ta Tarayya wadda ta ƙara wa malamai wa'adi zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 ta aiki. Saboda haka kada ka tsaya ga ƙidayar da ka yi da yatsunka. Tafi ofishin ilmi na ƙaramar hukumarka tun da sauran shekara guda, a buɗe fayil ɗinka, a nuna maka ranar da ke rubuce.

2. FENSHO DA KUƊIN SALLAMA

Kuɗin sallama, wanda a ke kira garatuti, sau ɗaya a ke biyansa, a dunƙule. Fensho kuwa wata-wata ne, har iyakar rai.

A tsohon tsari, wanda ya samo asali daga dokar fensho ta 1979 da gyaran da aka yi mata daga baya, ga yadda lissafin ya ke. Wanda ya yi shekara 10 yana da fensho na kashi 30 cikin 100 na albashinsa na ƙarshe, da garatuti daidai da albashin shekara guda. Ko wace shekara da ya ƙara, fensho ya kan ƙaru da kashi 2, garatuti da kashi 8. In ya kai shekara 35, fensho ya zama kashi 80, garatuti kuma albashin shekara uku.

Ga misali. A ce albashin da aka yi lissafi da shi Naira 100,000 ne a wata, watau Naira 1,200,000 a shekara. Malamin da ya yi shekara 35 zai sami garatuti Naira 3,600,000, da fensho Naira 80,000 ko wane wata. Wanda ya yi shekara 20 kuwa, garatutinsa Naira 2,160,000, fenshonsa Naira 50,000. Amma lura, ba ko wane alawus ne ke shiga lissafi ba. Roƙi akawu ya nuna maka takardar lissafin, ka duba shekarunka da matakin albashinka kafin ka sa hannu.

Akwai kuma sabon tsari da Gwamnatin Tarayya ta kawo a 2004, ta sabunta shi a 2014, wanda mutane ke kira adashin gata. A cikinsa a kan cire kashi 8 daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10, a tara a asusu mai sunansa. Malaman makarantun Tarayya a wannan tsari su ke. Lalle ne ko wane malami ya san tsarin da ya ke ciki, domin ƙofar da zai ƙwanƙwasa ta bambanta.

Ka kuma san wannan: sashe na 210 na Tsarin Mulki na 1999 ya kare fenshon ma'aikacin jiha. Ya ce ba a cire haraji a cikinsa, kuma a riƙa sake duba shi ko wace shekara biyar, ko sa'ad da aka gyara albashin ma'aikata. Fensho ba sadaka ba ne, guminka ne.

3. TAKARDUN DA ZA KA TANADA

Mafi yawan wahalar da tsofaffin malamai ke sha, daga takarda ta ke farawa. Tara waɗannan wuri guda:

(a) takardar ɗaukarka aiki ta farko, da ta tabbatar da kai;
(b) takardun ƙarin girma, musamman ta ƙarshe, da na canjin wurin aiki;
(c) takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru;
(d) takardun shaidar karatunka;
(e) takardar albashi ta watannin ƙarshe, da ta amincewa da ritayarka;
(f) lambar katin ɗan ƙasa, da lambar BVN, da lambar asusunka na banki.

In ka kama aiki kafin 23 ga Satumba 1987, ran da aka cire Jihar Katsina daga Jihar Kaduna, takardunka na farko sunan Kaduna su ke ɗauke da shi. Kada ka ce sun tsufa ka yar. Su ne shaidar shekarunka na farko.

Duba sunanka da ranar haihuwarka a ko wace takarda. In a wata an rubuta sunan mahaifinka, a wata kuma sunan garinku, ko shekarar haihuwa ta saɓa, kwamfuta ba ta san uzuri ba, sai ta tsai da biya. Gyara tun kana cikin aiki ya fi sauƙi.

Sa'an nan ga wani abu da ya shafe mu a wannan yanki. Kowa ya san yadda rashin tsaro ya tashi garuruwa, aka ƙone gidaje da rumbuna, mutane suka fita da rigar jikinsu kaɗai. Gara da ruwan damina ma ba su ƙyale takarda. Don haka yi hoton ko wace takarda kashi uku. Ajiye na asali cikin leda a akwatin ƙarfe. Kai kashi ɗaya wurin ɗan'uwa amintacce a wani gari, kamar Funtuwa ko Malumfashi ko Katsina. Ka sa ɗanka ya ɗauki hotonsu da waya kuma.

4. IDAN ALBASHI YA TSAYA, INA KATIN ASIBITI?

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. A 2018 Jihar Katsina ta yi dokar da ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, wadda a ke taƙaita sunanta KTSCHMA. A 2022 kuma aka yi sabuwar doka ta Tarayya, wadda ta kafa hukumar NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa.

Mene ne taimakekeniya? Kamar gayya ce. Mutane da yawa su kan zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu ɗaya. Ba duka ne za su kwanta ciwo lokaci guda ba. Wanda ya kwanta, sai a yi masa magani daga asusun. Bana kai ka taimaki wani, baɗi wani ya taimake ka.

To, ma'aikaci daga albashinsa a ke cire nasa rabon, ba ya ko ji. Ran da albashi ya tsaya, cirewar ta tsaya. Saboda haka kada ka ɗauka katin da ke aljihunka yana nan da ƙarfinsa. Wani malami ya kan bari sai ciwo ya kā da shi, an kai shi asibiti da tsakar dare, sa'an nan a ce sunansa ba ya cikin rajista. Kafin ka ajiye aiki, tafi wurin jami'in hukumar, ka yi masa tambaya huɗu:

Yaushe katina zai daina aiki? Wane shiri ne zan shiga bayan ritaya, nawa ne kuɗinsa a shekara? Su wa zai ɗauka cikin iyalina? Waɗanne cututtuka da magunguna ne ke ciki, waɗanne ne ba su ciki?

Rubuta amsoshin. Wanda ba ya karɓar albashi yana iya biyan kuɗin shekara da kansa, shi kaɗai ko da iyalinsa ko cikin ƙungiya. A kan jira 'yan makonni bayan rajista kafin kati ya soma aiki, kuma a kan sabunta shi in shekara ta zagayo. Wannan shi ya sa ba a jiran ciwo.

Akwai kuma wani asusu da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa, wanda a ke zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Da shi a ke yi wa marasa ƙarfi rajista kyauta a ƙananan asibitocin mazaɓu: tsofaffi, da mata masu ciki, da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da naƙasassu. In akwai irinsu a gidanka, tambayi shugaban asibitin mazaɓarku.

5. YADDA A KE AMFANI DA KATIN

Zaɓi asibitin da ya fi kusa da inda ka ke kwana, ba wanda ya fi suna ba. Mutumin 'Yargoje ko Ƙetare, ko na Daudawa ko Mairuwa, ko na Damari ko Machika, ya fara da na kusa da shi. In ciwon ya fi ƙarfinsu, su za su ba ka takardar turawa zuwa babban asibiti, kamar na Ƙanƙara ko na Funtuwa. Daga can, in da bukata, a tura ka Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ko na Shika kusa da Zariya. Wanda ya tsallake ba tare da takardar turawa ba, sau da yawa daga aljihunsa zai biya. In rashin tsaro ya sa ka ƙaura, je ka nemi a sauya maka asibiti.

Amma in abin gaggawa ne, kamar haɗari ko suma ko zubar jini, a nufi asibiti mafi kusa nan da nan. Dokar 2014 ta hana a ƙi karɓar mai ciwon gaggawa.

6. CUTUTTUKAN DA KE CINYE FENSHO

Hawan jini ba ya sallama. Mutum na iya yawo da shi shekaru bai sani ba, sai ran da ɓarin jiki ya shanye. In awo ya riƙa nuna 140 bisa 90 ko fiye, to, a ga likita. Ciwon sukari ya kan zo da yawan fitsari, da ƙishirwa, da rama, da gyambon da ba ya warkewa. Waɗannan biyu maganinsu na kullum ne, ba a dainawa don an ji sauƙi. Ka ga ke nan ko wane wata sai sun ci kuɗi, ga amfanin kati.

Yanar ido a kan cire ta da ɗan ƙaramin aiki a asibiti, mutum ya koma karatunsa. Kada a yarda wani ya soka ido da allura a gida. Dattijon da fitsari ke yi masa wuyar fita kada ya ji kunya, ya faɗa wa likita tun da wuri.

Uwargida, ke ma da naki aikin. Rage gishiri da dunƙulen miya. Gishirin da babba zai ci a yini kada ya wuce cikin ƙaramin cokalin shayi guda.

7. GARGAƊI

Garatuti ya kan yi jinkiri, wani lokaci ya daɗe ƙwarai. Kada ka ci bashi a kansa tun bai zo ba. In ya zo, kafin gini, kafin biki, kafin ƙarin aure, fara ware kuɗin katin asibiti na shekara, da ɗan abin da za a ajiye saboda mota in ciwo ya taso da dare.

In an yi shelar tantance 'yan fensho, je ka da kanka da takardunka, domin wanda bai bayyana ba a kan tsai da kuɗinsa. In ciwo ya hana ka tashi, a sanar da ofishi a rubuce. Shiga ƙungiyar 'yan fensho ta ƙaramar hukumarka, a nan a ke fara jin labari.

Kada ka faɗa wa kowa lambar sirri ta katin bankinka, ko da ya kira a waya ya ce daga ofishin fensho ya ke. Kada ka ba wani cin hanci don ya tura fayil. Duk kuɗin da ka biya, karɓi rasit.

8. IDAN RAI YA YI HALINSA

Ko wane mai rai mamaci ne. Ka sabunta sunan magajin da ke rubuce a fayil, kada ya zama wanda ya riga ka rasuwa. Ka nuna wa iyali inda takardu su ke. A tsohuwar dokar fensho, in mutum ya rasu bai cika shekara biyar da ritaya ba, a kan biya magadansa fenshon da ya rage na shekaru biyar ɗin, garatutin da ba a biya ba ma nasu ne. Za a nemi takardar shaidar rasuwa da takardar kotu. Wanda aka rubuta sunansa wakili ne kurum, rabo sai yadda shari'a ta tsara.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin fensho da garatuti?
2. Ina takardun malamin gidanku su ke yanzu, wa kuma ke riƙe da hotonsu a wani gari?
3. Me ke samun katin asibiti in albashi ya tsaya?
4. Yaushe rabon da a auna jinin dattijon gidanku?

In akwai wadda ba ku iya amsawa ba, kada mako ya ƙare ba ku nemi amsarta ba. Matambayi ba ya ɓata. In kun gama karantawa, ku miƙa wa gidan wani malami. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.