Mulki da Yawan Jama'a a Ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan

Ikara da Makarfi da Kudan suna arewacin Jihar Kaduna, cikin ƙasar Zazzau. Kowace ɗaya ƙaramar hukuma ce, cikin 23 da jihar ke da su. Mazaunin hukumar Kudan kuwa Hunkuyi ne. Yawancin mutanen Hausawa ne da Fulani, abincinsu noma da kiwo. An san Makarfi da rake, Ikara kuwa da tumatir.

Bayan Turawa sun shiga Zariya cikin 1902, sai suka bar mulki a hannun Sarki, watau En'e. Sarki na bisa hakimai, hakimai na bisa dagatai, dagatai na bisa masu unguwa. A zamanin nan ana ƙidaya mazaje domin haraji, ana ƙidaya shanu domin jangali. Saboda haka talaka ya riƙa gudun ƙidaya, don ya ga duk wanda aka rubuta sai ya biya.

Cikin 1976 aka sake tsari, aikin En'e ya koma hannun ƙananan hukumomi, masu shugaba da kansiloli. Sarauta ba ta gushe ba, amma shawara da sulhu ne aikinta. Cikin 1979 kuma Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali.

To, ga abin lura. Ƙidayar 2006 ta sami mutum wajen 194,000 a Ikara, 146,000 a Makarfi, 139,000 a Kudan. Tun daga ran nan ba a sake ƙidaya ba, alhali yaran da aka haifa a shekarar sun zama magidanta. Yawan jama'a kuwa yana cikin abin da ake dubawa wajen rabon kuɗin tarayya, kuɗin da Kotun Ƙoli ta ce, cikin 2024, a riƙa bai wa ƙananan hukumomi hannu da hannu. Ashe ke nan al'amari ya juya: dā ƙidaya karɓa take yi, yanzu kawowa take yi. Ƙauyen da ba a san yawansa ba, da wane ma'auni za a yanka masa aji, ko rijiya, ko ɗakin magani?

Mu da za mu koyar a garuruwan nan, wajibi ne mu fahimtar da iyaye su yi wa 'ya'yansu rajistar haihuwa, kada kuma su ɓoye kowa ran ƙidaya, kada su ƙara. Allah ya sa mu gane.