Malam Aminu Kano, Gatan Talakawa

Duk wanda ya bi hanyar Zariya ya iso Gyaɗi-Gyaɗi, a ƙasar Tarauni, zai ga wani babban asibiti a bakin hanya. Shi ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa cikin 1988. Yara da yawa sukan wuce ta ƙofarsa, amma kaɗan ne suka san mai sunan. To, ku saurara ku ji labarinsa.

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa, cikin birnin Kano, a 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alƙali. Ya fara da karatun allo, sa'an nan ya shiga makarantar boko, har ya kai Kwalejin Kaduna. Da ya gama, ya koyar a Midil ta Bauchi. Cikin 1946 ya tafi Ingila ƙaro ilmi, daga baya aka ba shi shugabancin makarantar horon malamai ta Maru.

A wancan zamani talaka yana shan wuya ƙwarai. Akan matsa masa wajen haraji da jangali, a sa shi aikin tilas, in ya kai kuka kuwa da wuya a saurare shi. Malam ya ga ba zai iya zura ido ba. Cikin 1950 ya ajiye aikinsa da albashinsa, ya shiga jam'iyyar NEPU, har ya zama shugabanta. Ya yi ta bin garuruwa da ƙauyuka yana sanar da mutane haƙƙinsu. An ɗaure mabiyansa da yawa, an yi wa waɗansu bulala, amma bai ja da baya ba.

Ya kuma dage a sa 'ya'ya mata makaranta, a bar mata su jefa ƙuri'a. Aka yi ta sukarsa, ya daure. Mahaƙurci mawadaci. A zaɓen 1979 matan Arewa suka jefa ƙuri'a, bayan zaɓen kuma gwamnatin jam'iyyarsa ta PRP ta soke haraji da jangali a Jihar Kano.

Malam ya riƙe muƙamin Kwamishinan Lafiya na Tarayya daga 1971 zuwa 1974, amma bai tara dukiya ba. Ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983, aka binne shi a gidansa na Gwammaja. Allah ya jiƙansa, amin.

Ya ku yara, in kun wuce ta asibitin nan, ku tuna da mutumin da ya bar albashi don ya tsaya wa marasa ƙarfi. Ku ma kada ku ga ana cutar ƙaramin yaro ku yi shiru.

Tambayoyi

1. Don me Malam Aminu ya bar aikin koyarwa?
2. Waɗanne abubuwa biyu ya nemar wa mata?