Yadda ake haɗa gidauniyar yaro mai ciwon daji a Idi-Araba

Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, yana Idi-Araba cikin Mushin tun 1962, maƙwabcin unguwar Hausawa. Can ake kai yaran da kumburin muƙamuƙi ko na ciki ya ƙi jin magani, ko aka ga wani farin abu na ƙyalli a ƙwayar idonsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu ciwon daji suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai 30 ba. Wani babban dalili shi ne kuɗi su ƙare, a ɗauke yaro magani bai kammala ba.

Saboda haka kafin a miƙa wa kowa hannu, sai uba ya karɓo takardar likita mai nuna irin ciwon da ƙiyasin kuɗin maganin gaba ɗaya, don abu ne na watanni, wani ma shekaru. Da ita za a je wa Sarkin Hausawa da liman, a naɗa amintattu uku, a buɗe asusun banki da ba a cire ko kwabo sai biyu sun sa hannu. Lallai a sa mace a ciki. Ita ke shiga gidaje, ita uwar yaron za ta faɗa wa gaskiyar halin da ake ciki.

Daga nan a yi shela bayan sallar Juma'a, a bi 'yan gwari a Mile 12 da mahauta a Oko-Oba ta Agege. A ganina alkawarin naira dubu duk wata ya fi kyautar dubu goma ta rana ɗaya. Hoton yaro yana kuka kuwa, kada a yaɗa shi a WhatsApp. Takardar likita ta wadatar.

Kuɗin a riƙa biyan asibiti kai tsaye, a karanto rasit gaban jama'a. A ware na mota da abincin mai jinya, a tanadi samari masu ba da jini.

In an samu rara, iyaye suka yarda, a tuntuɓi likitocin sashen yara a ji wane bincike ko rajistar masu ciwon ke neman tallafi, a miƙa ta ofishin asibitin a rubuce.