Adon Kirsimeti a Ƙofar Aji: A Bar wa Yara Hanyar Fita

A makarantun Amurka, da zarar Disamba ta kama, malamai kan shiga gasar ƙawata ƙofofin azuzuwansu. A lulluɓe ƙyaure da takarda daga sama har ƙasa, a manna auduga a matsayin dusar ƙanƙara, a zagaye shi da zaren ƙyalƙyali da ƙananan fitilu, wani lokaci a mai da ƙofar tamkar ƙunshin kyauta har da kintinkiri. Hotunan suna yawo a Pinterest da Facebook, kuma ta nan al'adar ta fara shigowa makarantunmu masu zaman kansu, musamman a garuruwa irin su Jos da Kaduna da Abuja, inda ake rufe zangon farko da bikin Kirsimeti. Abin yana da kyan gani, yara kuma suna murna da shi. Amma mu da aikinmu shi ne kashe gobara da duba gine-gine, idan muka kalli irin wannan ƙofa, abin da muke fara lissafawa shi ne daƙiƙa nawa za ta ci kafin yara 40 su fita ta cikinta idan hayaƙi ya turnuƙe ajin. Matsayina a kan wannan shi ne a yi ado, a yi shi da kyau ma, amma a ɗauke shi daga jikin ƙyaure da bakin ƙofa.

Dalilin farko yana cikin yadda wuta ke cin abu. Takardar da ke shimfiɗe a kan tebur a hankali take ci, domin harshen wuta sama yake tafiya, yana barin sauran takardar a gefe. Takardar da ke tsaye a jikin ƙyaure kuwa tana kan hanyar harshen ne, zafin yana gasa abin da ke samansa tun kafin ya kai gare shi, shi ya sa wutar da ta kama daga ƙasa take hayewa har sama kafin malama ta taso daga kujerarta. Ga shi kayan da ake adon da su duk masu saurin kamawa ne: takarda mai laushi, kwali, auduga da aka baje ta sha iska, leda, da farin soson nan da ake ciro wa daga kwalin talabijin a yanka shi taurari. Leda da soso ba ci kaɗai suke yi ba, narkewa suke suna ɗiga da wuta a jiki, suna fitar da baƙin hayaƙi mai sarƙe numfashi. Duk wannan yana faruwa ne a daidai wurin da yaro zai sa hannu ya kama mariƙin ƙofa, a kuma daidai tsayin fuskarsa. A ƙara da cewa Disamba a ƙasarmu tsakiyar hunturu ce, lokacin da komai ya bushe ƙayau, iska kuma tana kaɗawa. Duk wanda ya san aikin kwana-kwana ya san watannin nan ne kiran gobara ya fi yawa.

Amurkawan da suka ƙago wannan gasa sun san haɗarinta, domin tarihinsu ya koya musu da tsada. A daren 24 ga Disamba 1924, a wata makarantar ƙauye mai ɗaki ɗaya da ake kira Babbs Switch a jihar Okalahoma, jama'a sun cika maƙil don bikin Kirsimeti na yara. Kyandir ɗin da aka kunna a jikin bishiyar ado ya lashi kayan adon, wuta ta tashi. Ƙofar ɗakin guda ce, kuma ciki take buɗewa, sai mutane suka danno kanta suka toshe ta da jikinsu. Tagogin kuma an rufe su da ragar ƙarfe. Mutum 36 suka rasu, da yawansu yara. Ina so masu makarantu su sake karanta siffar ɗakin nan: ƙofa ɗaya, mai buɗewa ciki, tagogi da ƙarfe. Wannan ita ce siffar azuzuwa da yawa a garuruwanmu a yau, inda tsoron ɓarayi ya sa aka kafa sandunan ƙarfe a kowace taga. A irin wannan aji, ƙofa ita ce mafita ta farko, ita ce kuma ta ƙarshe. Bayan shekaru 34, ranar 1 ga Disamba 1958, gobarar makarantar Our Lady of the Angels a Shikago ta kashe ɗalibai 92 da malamai mata 3. Ba ado ne ya haddasa ta ba, amma ta nuna abin da ke faruwa idan hayaƙi ya riga yara isa hanyar fita, suka maƙale a azuzuwansu na saman bene.

Daga irin waɗannan masifu ne ƙa'idojinsu suka yi tsauri. Kundin kare rai daga gobara na ƙungiyar NFPA, wanda ake kira NFPA 101, ya iyakance zane-zanen yara da kayan koyarwa da za a manna a bangon makaranta: kada su wuce kashi 20 cikin 100 na faɗin bangon, sai dai idan ginin yana da bututun da ke feshin ruwa da kansa in wuta ta tashi, to a nan an yarda har kashi 50. Ya kuma hana rataya wani abu da zai ɓoye ƙofar fita ko ya sa a kasa gane ta. Wato hoton ƙofar da malamarmu ta gani a waya ta yi sha'awa, an ɗauke shi ne a ginin da galibi yake da ƙararrawar gobara, da na'urar jin hayaƙi, da jami'in da ke zagayowa yana da ikon cewa a cire. Mu mun ɗauko adon, mun baro duk abin da ke tsaron sa a can.

Za a ce min ai azuzuwanmu ba irin nasu ba ne, yawanci a ƙasa suke, ƙofar kuma kan baranda take buɗewa, taku biyu yaro ya fita fili. Gaskiya ne, kuma hakan yana rage haɗarin hayaƙin da ke taruwa a dogon lungu. Sai dai kusancin fili bai ceci yaran Nijar ba. A watan Afrilun 2021, yara kimanin 20 sun rasu a gobarar azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, a watan Nuwamban shekarar kuma aƙalla 25 suka rasu a irin wannan gobara a Maraɗi. Babu bene, babu lungu, fili yana nan kusa da su. Abin da ya haɗu shi ne kayan da ke ci da sauri da ƙananan yara da ba su san abin yi ba. Ɗan shekara biyar idan ya ga wuta a bakin ƙofa, baya yake ja, ya shige ƙarƙashin benci ko ya lafe a kusurwa. Azuzuwan rainon yara da na firamare ɗaya da biyu kuwa su aka fi yi wa ado mai yawa, don su ne suka fi jin daɗinsa. Ban da haka, makarantu masu zaman kansu da yawa a birane gidajen haya ne masu bene da aka mayar makaranta, matakala ɗaya ce kowa ke bi.

Wasu kuma za su ce ai ba a kunna kyandir yanzu, fitilun zamani ba sa zafi. Ƙwan fitilar LED ba ya zafi sosai, wannan haka yake. Matsalar tana wajen wayar da mahaɗinta. Siririyar waya ce mai arha, an ratsa da ita ta tsakanin ƙyaure da bango, kullum ana buɗewa ana rufewa a kanta sau da yawa a rana har robarta ta tsage. An jona ta a soket ɗin da ya riga ya yi sako-sako, wutar lantarkinmu kuma ga yadda take, a ɗauke, a dawo da ita da ƙarfi, a koma janareta. Tartsatsi ɗaya a cikin auduga ya isa. Kyandir ɗin ma bai tafi ba, domin a daren waƙoƙin Kirsimeti akan ba yara su riƙe, su yi jerin gwano su wuce ta ƙofofin nan, wasunsu sanye da fikafikan mala'iku na takarda ko gemun auduga.

Akwai kuma illar da ba ta buƙatar wuta ko kaɗan. Ado mai kauri yakan hana ƙyaure buɗewa har ƙarshe, ko ya rufe mariƙi da sakata, ko ya toshe ɗan gilashin da ke jikin wasu ƙofofin. Gilashin nan an sa shi ne don wanda ke waje ya ga abin da ke gudana a aji, kuma wannan kariya ce ga yaro, kariya ce ga malami. Lambar aji ko sunansa ma yakan ɓace a ƙarƙashin takarda, alhali da ita mai kawo ɗauki yake gane inda aka ce masa akwai sauran yara.

Ƙorafin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne na wanda zai ji kamar ana son rage wa yara farin cikin bikinsu ne, ko ana yi wa Kirsimeti kallon raini. Ko kusa. Maganar nan ɗaya ce ga adon Maulidi, da walimar saukar Alƙur'ani a Islamiyya, da bikin yaye ɗalibai, duk inda aka tara yara a ɗaki aka ƙawata mashigarsa. Kuma malamar da ta kwana tana yanka taurari da kuɗin aljihunta ta cancanci yabo, abin da take buƙata kawai a nuna mata inda za ta manna su. Bangon da ke gefen ƙofa yana nan, a bar tazarar kamu biyu ko uku daga bakinta. Allon sanarwa yana nan. Ana iya zana hoton a jikin ƙyauren da fenti mai wankuwa ko alli mai launi, ya yi kyau ba tare da an ƙara masa abin da zai ci wuta ba. Idan ana son fitilu, a sayi masu batir, a rataya su nesa da takarda, a kashe su idan an tashi. Makarantar da ke gasa tana iya mai da ita gasar bango, ta kuma sa sharaɗin cewa duk ajin da adonsa ya taɓa ƙyaure ko ya rufe mariƙi ya fita daga gasar.

Nauyin yana kan shugaban makaranta fiye da malamin aji. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun kafin ranar biki ya zaga da kansa, ya buɗe kowace ƙofa har ta kai bango, ya duba ko ƙaramin yaro zai iya buɗe ta da hannu ɗaya, ya tabbatar babu kwaɗo a ƙofar baya ko ƙofar matakala muddin akwai yara a ciki. Ya ga cewa tukunyar kashe gobara ba ta wuce wa'adinta ba kuma akwai wanda ya iya amfani da ita, bokitan yashi ma a cike suke. A yi atisayen fita ko sau ɗaya ne bayan an gama ado, domin a nan ne ake gane abin da ke tare hanya. Ofisoshin hukumar kashe gobara na jiha da na tarayya suna da sashen rigakafi, kuma duba makarantu yana cikin aikinsu, a rubuta musu a gayyace su. Idan an rufe makaranta don hutu, a cire fitilun daga soket, a sauke adon gaba ɗaya a ranar, kada a bar shi ya kwana makonni uku a ginin da babu kowa sai maigadi. Iyaye kuma da za su zo kallon wasan yaransu, su ɗan tsaya a bakin ajin su tura ƙyauren su gani, idan ya cije ko ya tsaya a rabi, su faɗa wa hukumar makarantar kafin a fara taro.