Kwalba Babba da Kwalba Ƙarama

A ƙasar Amurka akwai wani birni da ake kira Atlanta. A can ne wani mai haɗa magunguna, John Pemberton, ya fara yin lemon Coca-Cola a shekarar 1886. Ana sayar da kofi ɗaya senti 5. Senti 100 su ne dala ɗaya. Da aka fara zuba lemon a kwalba, kuɗinsa bai sake ba. Kwalbar tana cin oza 6 da rabi.

Ana nan sai a shekarar 1934 kamfanin Pepsi-Cola ya fito da kwalba mai cin oza 12, ita ma senti 5. Lokacin kuwa ana fama da matsin tattalin arziki, kuɗi sun yi wuya a hannun mutane. Talakawa suka yi lissafi. Mai senti 10, in ya sayi Coca-Cola biyu, oza 13 zai samu. In kuwa Pepsi ya saya, ya sami oza 24. Saboda haka kasuwar Pepsi ta buɗe ƙwarai.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kaya suka yi tsada, masu Coca-Cola suka so su ƙara kuɗi. Amma akwai matsala. Sun kafa injuna masu yawa waɗanda in mutum ya jefa kuɗi sai kwalba ta faɗo, injunan kuwa tsabar senti 5 kaɗai suke karɓa. In an mai da shi senti 10, an ninka kuɗin ke nan, masu saye su gudu.

Sai manyan kamfanin suka shiga neman dabara. A shekarar 1953 suka roƙi Baitulmalin Amurka ya buga sabuwar tsaba ta senti 7 da rabi. Ba a yarda ba. Har aka gwada sa kwalba ɗaya wofi cikin kowace tara, wanda ta faɗo masa sai ya sāke biya. Wannan ma aka watsar. Duk wahalar ta zama aikin baban giwa.

Daga bisani, a 1955, suka fito da manyan kwalabe. Zuwa 1959 lemon senti 5 ya ƙare.

Mai hankali in ya je saye, yakan duba kuɗin, ya kuma duba yawan abin da ke cikin kwalbar.

Tambayoyi
1. Me ya sa kasuwar Pepsi ta buɗe?
2. Mai senti 20, oza nawa zai samu a kowane kamfani?
3. Mece ce ma'anar aikin baban giwa?