Kututture Bai Mutu Ba

Karatu: Ayuba 14:7-9, Farawa 2:15

A shekarar 1981 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, ya zo Nijar tare da matarsa Liz domin aikin mishan a yankin Maraɗi. Ya dasa dubban itatuwa, amma rana, iska da awaki suka cinye yawancinsu. A 1983, bayan ya yi addu'a cikin karayar zuciya, ya lura cewa 'yan tohon da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne. Tsofaffin kututtura ne masu rai, saiwoyinsu na nan a ƙasa.

Sai manoma suka fara barin rassa masu ƙarfi kaɗan a kan kowane kututture, suna datse sauran. Kalgo, sabara da gawo suka tashi. Iyalin sun zauna har 1999, kuma yau an kiyasta itatuwa miliyan 200 sun farfaɗo a Nijar.

Ɗan'uwa, Allah ya sa Adamu a gona domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Mu a Yako da kewaye, buhun gawayi yana ci mana ɗorawar da kakanni suka bari. Me jikokinmu za su gada?

Haka ma rayuwarka. Auren da ya yi sanyi, ɗan da ya bar ikilisiya, kada ka ce sun mutu. Saiwa tana nan.

Abin yi: Kai 'ya'yanka gona, ku zaɓi kututture ɗaya ku raina.

Addu'a: Ya Uba, buɗe idona in ga rai a inda na fid da zuciya, cikin sunan Yesu. Amin.