Iskar da Muke Ɗurawa a Bireka Ba Ta Ɓacewa

Aikina kula da na'urorin tashar rarraba wutar lantarki ne. Shekarun baya, duk lokacin da allurar gejin birekar 132kV ta sauka, sai mu jawo silinda mu ƙara iska, mu rubuta a littafi, mu tafi. Ba wanda ke tambayar inda ta farko ta shiga. Ni ma na yi haka, ba sau ɗaya ba.

Iskar nan SF6 ce. Ita ke hana wuta tsallakawa tsakanin ƙarafa, kuma ita ke kashe tartsatsi idan bireka ta buɗe. A fagen aiki ba ta da makusa. Amma kilo ɗaya nata da ya tsere yana ɗumama duniya kamar kilo 23,500 na iskar kabon, kuma tana iya shafe shekara 3,200 a sararin sama. Shi ya sa yarjejeniyar Kyoto ta 1997 ta sa ta cikin iskokin da za a taƙaita. Ba ta da launi, ba ta da wari, ta fi iskar shaƙa nauyi kusan sau biyar, don haka takan kwanta a ramin kebul ta shaƙe mutum.

Yanzu an sami madadi. Siemens Energy na amfani da tsabtatacciyar iska, naitirojin da oksijin kawai, sai a kashe tartsatsin a cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska. GE Vernova na da haɗin g3, wanda aka fara aiki da shi a layin 420kV na Sellindge a Ingila a 2017. Illarsa ta ragu da kusan kashi 99 cikin 100 idan aka kwatanta da SF6, sai dai har yanzu akwai fulorin a ciki. Tarayyar Turai kuwa ta hana girka sababbin na'urorin SF6 masu ƙarfin 24kV zuwa ƙasa daga Janairun 2026.

Na'urar da aka girka yau za ta iya kai shekara 40 tana aiki. Don haka masu sayo kaya, ku tambayi marar SF6 tun a takardar kwangila. Mu kuma 'yan'uwana ma'aikata, idan geji ya sauka, mu nemo wurin yoyon mu toshe kafin mu ƙara. Idan za a buɗe bireka, a zuƙe iskar cikin silinda, kada a sake ta. Farin garin da ke ciki guba ne. A sa safar hannu da takunkumi.